Tubalin Iya Bakwai

Balki, ke kika jawo wannan babi. Ran da kika turo mini hoton nan mai motsi daga Yamai, wanda ake nuna Turawa suna binne mamacinsu a daji, ba akwati ba siminti, sai ƙyalle da ɗan icen da suka dasa a kansa, kin rubuta a ƙasa: "Baba, ga mutanenka." Na yi dariya har mamarku ta leƙo daga madafa. Bayan dariyar ne na gane ke ma kin yarda da abin da ake faɗa a gari, wai daga littattafan Nasara na kwaso rufe kabari da laka, shi ya sa ake ce mini Na-Tubali. Ba haka aka yi ba. Ni awo kawai na yi, awon ma bai cika ba. Mai aikin kakata ce, Iya, maginiyar tukwane, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba. Ke da ƙannenki ku karanta, ku san inda sunan ya fito.

Ke mace ce, ba ki taɓa leƙa cikin kabari ba, bari in gaya miki yadda yake a garinmu na kwarin Tarka. Ana haƙa babban rami, a tsakiyarsa a sake haƙa siriri daidai kwanciyar mutum a gefen dama. In an sa mamaci sai a jera itace a giciye a kan siririn, a toshe ƙofofi da ganye da ɗanyar laka, sannan a tura ƙasa. Ɗanyen ice ake so, mai kaurin damtse. Al'adarmu kuwa kowane gida shi ke ba da icen mamacinsa. Ba a roƙo, ba a saye, abin kunya ne a ce an rufe ubanka da icen wani gida. In baƙo ne ya rasu, gidan da ya sauka su ne za su bayar. A ƙofar gidanmu da itatuwa uku ne: gawo, magarya da aduwa. Gawo ya tafi da kakana. Magarya ta tafi da mahaifina ina shekara bakwai, an sassare ta ƙwarai, abin da ta toho awaki suka ƙarasa. Aduwa kaɗai ta rage, a ƙarƙashinta Iya take gina tukwanenta, daga ita take tsinkar ganye, dubagira, ta yi mana kwaɗo, ƴaƴanta kuma mu tsotsa har harshe ya yi ɗaci.

Yayan mahaifina, Baba Idi, shi ya riƙe ni. Shi ya sa ni lakwal, makarantar boko, shi ya kai ni lise, wato sakandare, a Damagaram a bayan motar gero, kuma duk ran da nake gida akushi ɗaya muke ci. Ƙaton mutum ne, in ya zauna a jaki sai ka tausaya wa jakin. Shi ne ɗan farin Iya, saboda haka ba ta kama sunansa, Mai gemu take ce masa. Ni kuwa siriri ne kamar karan dawa, ga kunya, ko gaisuwa sai na tsara ta a zuci kafin in faɗa. A shekarar da nake ba ku labari an rufe jami'a saboda yajin aiki, na dawo gida da kwalin littattafai, na tare a gindin aduwa. Iya tana murza laka, ni ina juya shafi.

Wata safiya ina duba wata tsohuwar mujallar Faransanci da na tsinto a Yamai, sai ta ce:

"Maigida, me takarda ta ce yau? Ba ta ce ka tashi ka ɗebo wa matarka laka ba?"

Haka take kirana, wasan kaka da jika. Na ce mata labarin wasu Turawa ne da suka fara cewa a binne su a ƙyalle kawai, a dasa ice a kansu.

"To da da me ake rufe su?"

"Akwatin katako, Iya, da fenti da ƙusoshi. Wasu kuma ƙonawa ake yi."

"Allah ya tsare. Yanzu ne suka gano ƙyalle da ƙasa?"

"Yanzu ne."

"Sannunsu da zuwa. Ka rubuta musu ka ce mun daɗe da isowa, su nemi wuri a sahun baya."

Muka yi ta dariya. Na ji daɗi har na saki baki, abin da ban saba ba, ina cewa mu ai tun kaka da kakanni ba ma ɓata wa ƙasa komai. Ban lura ta daina murza lakar ba sai da na ɗago. Sama take kallo, cikin rassan aduwa.

"Su ice suke dasawa a kan mutum," ta ce. "Mu fa? Gawo ya bi kakanka, magarya ta bi ubanka. Ni da wannan muka rage, rana ɗaya za a kwantar da mu. Ni na ci zamanina. Ita me ta yi?"

Ta ce tana yarinya ta ji kakarta tana cewa a garinsu da laka ake rufewa, ba da ice ba. Laka kuwa ba abin da za a gaya mata a kai. Abu ɗaya ya rage mata: shekara tamanin tana raka gawa da ido zuwa ƙofar gida, ba ta san faɗin ramin ba. Ta ba ni aiki biyu, in tambayo liman ko addini ya yarda, in kuma auno mata faɗin.

Kwana uku ina zagaya zauren Malam Haruna limaminmu kafin in shiga. Da na shiga ma sai da na gaishe shi sau biyu. Ya saurare ni, ya jawo wani littafi mai jar fata, ya bi layi da yatsa, ya ce tubalin ɗanyar laka, wanda rana ta busar, shi malamai suka fara ambata, itace a bayansa yake. Mu ne muka ɗauki mai sauƙi lokacin da daji yake daji.

"Sai a faɗa wa mutane ke nan, Malam?"

"In an tambaye ni zan faɗa. Amma ba zan tsaya a kan ɗa in ce kada ya ba uwarsa ice ba. Mai wannan magana daga cikin gida zai fito." Ya dube ni ta saman tabarau. "Kana da baki kuwa, Laminu?"

Awon faɗi kuwa sai da aka yi rasuwa a unguwa. Na tafi makabarta da zare a aljihu, masu haƙa suna hutawa na durƙusa na shimfiɗa shi a bakin siririn ramin, na ƙulla. Da na yi sau ɗaya na tashi, da ba wanda ya gani. Amma ni ban iya yin abu sau ɗaya ba. Na auna ta kai, na auna ta tsakiya, na auna ta ƙafa, na fito da kaye, ɗan littafin rubutuna, na rubuta. Kafin la'asar gari ya ɗauka: ɗan gidan Idi boko ya taɓa shi, kaburbura yake aunawa.

Mu dai muka shiga aiki a bayan ɗakin Iya. Ta kwaɓa laka da ƙaiƙayin gero da kashin jaki, ta bar ta ta kwana uku tana tsima, ta yi tubali mai faɗi, ɗan tudu a tsakiya kamar bayan kunkuru. Na farko suka tsage a rana. Na biyu suka karye da na taka. Ina rubuta kowane kwaɓi a kaye, ita tana yi mini dariya, wai hannunta ya riga biro sani. A na huɗu muka dace. Sai ta shimfiɗa tabarma ta kwanta a gefen dama, ta ce in ɗauko kara in auna tsawonta.

"Ka auna da kyau, Maigida. Kada a rufe ni ƙafata tana leƙe, mutane su ce mijina rago ne har a lissafi."

Iya guntuwa ce. Tubali bakwai suka rufe ta daga kai har ƙafa, har da ɗan saura.

Ranar da Baba Idi ya gan su jere a rana ban manta ta ba. Ya tambayi na mene ne, Iya ta gaya masa kai tsaye. Bai iya yi mata faɗa ba, sai ya juyo kaina.

"Ina raye, da gatarina, a rufe uwata da laka kamar wadda ba ta haihu ba? Karatun da na kai ka ke nan, ka dawo kana kira mata mutuwa? Ka farfasa su."

Ban farfasa su ba. Wannan shi ne karo na farko da na ƙi bin maganarsa, kuma na biya. Daga ranar aka riƙa zuba mini tuwo a kwano dabam. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon raƙuma a kasuwar Belbeji, wata biyu bai kira sunana ba. Sau da yawa na yi niyyar in ɗauki taɓarya in gama da tubalin nan a huta. Iya kuwa ta sa na tura shida ƙarƙashin gadonta. Na bakwai ta ce in ɗora shi a kan duwatsu biyu a gindin aduwa, ta lulluɓe shi da tsohuwar tabarma ninki biyu. Da la'asar Baba ya fito da rediyonsa, ya ga sabon wurin zama a inuwa, ya zauna. Washegari ma haka. Kullum in ya zauna sai Iya ta dube ni ta ƙifta ido, ni kuma in cusa fuska cikin littafi kada dariya ta tona mu.

Akwai wani tsohon makiyayi, Agali, daga arewa, da yake sauka a ƙofarmu duk ranar kasuwa fiye da shekara ashirin. Ya kawo wa Iya cuku, ta ba shi tulu, su yi ta gardamar wa ya cuci wani. Dogo take ce masa, don in ya tsaya rawaninsa yana taɓa reshen aduwa. Wata ranar kasuwa cikin bazara ya iso da rana tsaka, ya durƙusar da raƙuminsa, ya yi azahar, ya sha furar Iya, ya ce ta cika ruwa, ya kwanta a inuwa. Aka kira la'asar bai tashi ba. Allah ya karɓi abinsa cikin barci, ya jiƙansa. Danginsa suna tafiyar kwana biyu, ga zafi, ba a jira. Aka yi masa wanka a zaurenmu, aka auna shi da kara aka aika wa masu haƙa. Baƙonmu ne, a ƙofarmu ya rasu. Kowa ya san gidan da zai ba da ice, kowa ya san icen.

Baba Idi ya fito da gatari. Maza sun cika ƙofar gida, wani har ya fara nuna rassan da za su yi. Iya tana ciki, bayan danga, inda mata suke. Kalma ɗaya na ji ta faɗa, ba da ƙarfi ba:

"Maigida."

Na tashi. Duk abin da na tsara a zuci ya gudu. Na ce, "Baba, akwai tubali." Ba wanda ya ji, sai da na sake. Na ce Iya ta ba da nata a rufe baƙonta, a bar aduwa. Wani dattijo ya ce wannan ba addini ba ne, aikin Nasara ne. Na juya na ce, "Malam, ina tambaya, ya halatta?" Malam Haruna ya ce ya halatta, shi ne ma kan gaba a littafi, ya faɗi abin da ya gaya mini. Sai shugaban masu haƙa ya ce shi ba ruwansa da littafi, ya san nauyin ƙasa. Laka za ta karye ta faɗa wa bawan Allah a fuska. Wannan ba ni da amsarta sai kayena, kuma na san in na fito da kaye na kashe maganar. Daga bayan danga muryar Iya ta fito:

"Ku tambayi Mai gemu. Wata biyu yana zaune a kai shi da rediyonsa."

Na je na yaye tabarmar. Ga gawa a zaure, ba wurin dariya ba ne, amma na ga dattawa suna jan rawani suna rufe baki, kafaɗunsu suna motsi. Baba Idi ya daɗe yana kallon tubalin. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya hau da duka biyu, ya ɗan yi tsalle. Ko tsagewa bai yi ba. Ya sauko, ya dube ni, karo na farko cikin wata biyu.

"Za su isa?"

"Za su isa, Baba. Na auna."

Na shiga na kwaso shidan, na jera su da na bakwai a ƙasa. Daidai lokacin aka dawo da karan awo daga makabarta, na karɓa na shimfiɗa shi a kansu don kowa ya gani. Karan ya wuce tubalin da kusan kamu ɗaya da rabi. Faɗi na auna sau uku, amma tsawon na Iya ne, na manta wanda za a rufe Dogo ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wani ya ce, "To, sai a cika da ice, reshe uku ya isa." Gatari yana hannun Baba. Na san in aka hau aduwa ba a reshe uku za a tsaya ba, kuma gobe za a ce laka ba ta isa sai da ice.

Baba ya dubi aduwa, ya dubi karan, ya juya ya shiga gida da gatarinsa. Muka ji ana tuntsurar da ruwa. Muka ji Iya tana cewa, "Ba nan ba, ta wuya za ka bi, a hankali, da ƙeyar gatarin." Sai ƙwas, ƙwas. Ya fito rungume da randar ɗakinsa, wadda Iya ta gina masa shekarar da ya yi aure, ta rabu gida uku manya. Ya tambayi Malam ko gasasshiya ta yi, Malam ya ce lalura ce, ta yi. Ya jera su a ƙarshen tubalin, suka rufe karan har da saura. Ya jingine gatari a gindin aduwa ya ce a ɗauki makara.

Muna fita na ji Iya tana gaya wa mata:

"Kun ga Dogo? Shekara ashirin yana shan inuwata, yau ya tafi da gadona ya haɗa da randa. Shi ya ci gardamar."

Baba da kansa ya shiga ramin, ni ina miƙa masa. Aka tura ƙasa, shugaban masu haƙa yana tsaye yana jira ta lotsa, ba ta lotsa ba. Da muka dawo aka yi magariba, aka kawo tuwo, na nufi kwanona. Baba ya tura akushinsa gaba kaɗan da ƙafa.

"Na-Tubali, zo ka ci. Gobe ka koyi auna tsawo."

Daga bakinsa sunan ya fito, a kan akushi. Shi ya sa ban taɓa jin haushinsa ba, ku ma kada ku ji.

Ba zan ce muku gari ya juya a rana ɗaya ba. Har yau akwai gidajen da sai ice, ba na kuma yi musu gardama. Amma ƴaƴan Agali da suka zo bayan kwana huɗu sun zauna a inuwar da ubansu ya yi barcinsa na ƙarshe, aka nuna musu, babban cikinsu ya dafa jikin aduwar. Bayan wata ɗaya wata gwauruwa da ba ta da ko tumfafiya a ƙofarta ta aiko a asirce a tambayi Iya ko akwai saura. Iya ta sake yin bakwai, aka zo aka ɗauka. Ta sake yi, aka sake ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya tana mita, wai duk ran da ta gyara wa kanta gado sai wani marar kunya ya riga ta kwanciya. A ƙarshe ta gaji ta koya wa matan unguwa kwaɓin, ba ta ko nemi kayena ba. Ran da ta rasu bakwai ɗinta suna ƙarƙashin gado. Baba Idi ya jera su da hannunsa, suka rufe ta daidai, ƙafarta ba ta leƙo ba.

Saboda haka, Balki, in kin haɗu da mutanen nan nawa a waya, ki gaishe su, ki ce wata tsohuwa ta ce sannunsu da zuwa. Nawa kuma na riga na yi, guda goma, na auna faɗi na auna tsawo, na ƙara ɗaya saboda tsaro. Tara suna bayan rumbu a lulluɓe da leda. Na goma shi ne wurin zaman nan na gindin aduwa, inda kike harɗe ƙafa kina danna waya duk lokacin da kika zo hutu. Ki ci gaba da zama, ki kira ƙannenki su ma su hau. Ni har yanzu ba ni da nauyin da zan gwada shi.